Ranar Da Zulfa Ta Sha Da Ludayina

Salamu alaikum, 'yan uwa. Masu turo mini saƙo suna cewa "Nasiba, kin shanya mu," ku yi haƙuri, ga ni na dawo, kuma da 'yar ƙibata. Eh, ƙiba na ce. Jiya na zaro wata doguwar riga da na jefa ƙasan akwati tun kafin in kwanta ciwo, na saka, sai na ga saura ƙiris ta zauna mini kamar da. Na tsaya gaban madubi ina ta juyi ni kaɗai, har Inna ta leƙo ta ce ko lafiya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni 'yar Tasawa ce, kuma bara bayan girbi tari ya kama ni. Aka yi ta jiƙe-jiƙe ana cewa sanyi ne, har ranar da na tofar da jini a tsakar gida. A gidan likita suka yi mini analiz, wato gwaji, suka ce tarin fuka ne. Aka fara kai ni Maraɗi wajen ƙanwar Inna, daga baya aka dawo da ni ɗakin baya na gidanmu, na yi wata da watanni ina haɗiyar ƙwayoyi kafin in karya kumallo. Yanzu alhamdu lillahi. A kontrol na ƙarshe likitan ya dube ni ya ce, "Kin warke sarai, ki koma cikin mutane." Tun daga ranar komai daɗi yake mini, har ƙarar injin niƙa na maƙwabta da a da nake tsinewa.

Sai dai a gidanmu ba a kiran sunan ciwon nan. Tun ran farko Inna ta kafa doka. Wanda ya zo nemana, a ce na yi tafiya. Wanda ya matsa, a ce ciwon shawara ne. Wayata ma ta karɓe, don ta ce duk wanda ya ji tarin nan a waya ya gama ganewa, har layin ya mutu a cikin adakarta. Ban cika ganin laifinta ba. A unguwarmu an taɓa maido wa wata yarinya kayan sa-rana saboda wannan ciwon, bayan ta warke ma, kuma Inna ce ta raka uwar yarinyar kuka. To kun ga inda tsoron ya samo asali.

Abin da ya rage na ciwon shi ne ludayina. Lokacin da nake kwance an ware mini kwanona, kofina, butata, da ludayi da aka ɗaura wa jan zare a wuya don kar a haɗa da na gida. Likita ya sha gaya mana ba ta nan ake ɗauka ba, amma Inna ta ce shi da saninsa, ita da nata. Har na warke, in an dama fura, kowa ya sa ludayi a ƙwarya ɗaya, ni kuwa a zuba mini a ɗan kwano a miƙo mini mai jan zaren. Ba wanda yake yi da mugunta. Hannu ne ya saba. Amma duk sanda aka miƙo mini sai in karɓa in koma gefe in sha ni kaɗai.

Sai kuma ga Rabilu.

Malamin lakwal ne, wato makaranta, a garin Maijirgi. Ya gan ni ne a shagon Baba, inda na fara zama bayan na ji ƙarfi, ya zo sayen alli da kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, ya saya, ya dawo washegari wai ya manta bik, jibi ya dawo wai bik ɗin ba ya rubutu. Baba da kansa ya ce masa, "Malam, in maganar ba ta bik ba ce, ka biyo ta gida." Mutum ne mai sanyin magana, in yana dariya sai ya rufe baki da hannu. Ina son shi, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Kuma an tsayar cewa ranar Asabar kawunnansa za su zo gaisuwa wajen Baba.

Shi dai abin da ya sani, shawara na yi. Kuma bawan Allah ya ɗauki abin da gaske. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗauro rake a bayan moto, babur ɗin nan nasa, wai an ce yana wanke shawara. Da safe kuma saƙonsa ne a sabon layina yake tashe ni:

"Bonjour Nasiba. Ya ƙarfin jiki? Ki rage mai a abinci don Allah, kar ta dawo."

Ni kuwa ina karantawa da wainar da ta sha mai a hannuna. Sai in ji kunya ta rufe ni. Na sami Inna na ce zan gaya masa gaskiya, ta ajiye muciya ta juyo.

"Ki hwaɗa mashi mi? Kin warke ko ba ki warke ba?"

"Na warke, Inna."

"To mi ya yi saura? In an ɗaura, kin shiga ɗakinki, ki ba shi labari har na haihuwarki. Kahin nan ki ja bakinki ki yi shiru. Ni na san mutane, ke ba ki san su ba."

Wannan ita ce damuwar da nake yawo da ita. In na faɗa, ina iya rasa shi. In na yi shiru, na shiga gidansa da ƙarya a baki.

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zagayo, Inna ta ce in je in zaɓo atamfar da zan sa ranar Asabar. Na sa hijabina ruwan toka, na shafa kwalli, na fita ina jin daɗin rana a fuskata. Na sayi atamfa mai ganye-ganye kore, na ci awara a tsaye kamar 'yar lakwal, na bi ta layin masu nono don in sayo wa Baba man shanu. A nan na hango wata zaune bayan ƙwarya, ta lulluɓe da mayafi shuɗi, tana korar ƙuda da faifai. Tun kafin ta ɗago na gane ta. Yadda take karkatar da kai in tana jin zafi, ko a cikin mutum dubu zan fitar da ita.

Zulfa ce.

Bari in gaya muku wace ce Zulfa. 'Yar Fulanin Korgom ce, mahaifinta abokin Baba. Da ta ci jarrabawar shiga kolej aka kawo ta gidanmu ta zauna, tunda a nan makarantar take. Tabarma ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha ranar da muka tsere kallon kokawa. Tun muna aji na farko muka yi alkawari: ranar aurena ita ce babbar ƙawa, ranar nata ni ce. Ko da ta koma Korgom bayan birbe, jarrabawar gama kolej, ba a yin kasuwa biyu ba ta leƙo ni ba. Amma tunda na kwanta, ko gaisuwa ban samu daga gare ta ba. A raina na yanke cewa ta ji labarin ciwon a wani wuri ta tsorata. Wallahi wannan ya fi ƙwayoyin nan ɗaci, na yi kuka a kansa fiye da yadda na yi a kan tarin.

Na tsaya a kanta. Ta ɗago. Fuskarta ta yi haske kamar za ta daka tsalle, sai kuma ta haɗe rai nan take.

"A'a, amarya ce? Sannu da zuwa. Man shanu ko nono?"

Na ce, "Zulfa, ni ce fa."

"Na gani ai. Ya Maraɗi? Ya maigidan?"

"Wane maigida?"

"Naki mana. Ko shi ma ɓoye shi za a yi, kar mu 'yan ƙauye mu gan shi?"

Na ɗauka ba'a take mini, raina ya soma ɓaci. Na miƙa hannu zan ɗauki ledata in wuce, sai ta cafke wuyan hannuna. Ta juya shi, ta duba, ta ɗaga ido ta kalli kumatuna. Zulfa ta san ni da kumatu, ita ce ma take ce mini Alkaki.

"Wanga ba hannun amarya ba ne," in ji ta a hankali. "Nasiba, mi ya same ki?"

"Ba a nan ba. Taso mu tahi gida."

Ta juya ta yi wa wata dattijuwa da ke gefenta magana da Fillanci, ta tura mata ƙwaryar. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, mayafin ya zame. Jama'a, ciki ne da ita, ya fito sosai. Na tsaya baki buɗe a tsakiyar kasuwa, wani mai amalanke yana ta mini ihu in kauce.

"Zulfa, mi nike gani?"

"Abin da kike gani," ta ce, ta gyara mayafinta. "Mu tahi."

Muka iso gida. Inna na tankaɗe a tsakar gida, tana ganinmu rariyar ta tsaya a hannunta. Zulfa ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta kamar yadda ta saba, Inna ta amsa tana ta kame-kame, tana aika mini da harara ta gefen ido, wadda ma'anarta ita ce shawara, kar ki manta. Na ja Zulfa muka shige ɗakina na saki labule.

Na zauna bakin gado na ce, "Tarin fuka na yi."

Karo na farko ke nan da kalmar ta fita daga bakina zuwa kunnen wanda ba ɗan gida ba. Na zuba mata ido ina jiran ta matsa. Ba ta matsa ba. Na ba ta labari tun daga jinin, da Maraɗi, da ɗakin baya, da wayar da aka karɓe. Tana ji hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Wane wata kinka dawo daga Maraɗi?"

Na gaya mata.

Ta dafe kai. "Innalillahi. Ke nan kina cikin gidan nan ranar da na zo."

"Kin zo?"

"Na zo mana! Na kira layinki har na gaji, na hau moto na taho. Na tarar da Inna a nan tsakar gida ta baje kaya. Sabon kwano da murfinshi, sabon kofi, sabuwar buta, sabuwar tabarma ko kwance ta ba a yi ba, gidan sauro a leda, har da sabon ludayi. Na ce, Inna, wanga kaya fa? Ta yi murmushi ta ce, na ƙawarki ne, sai dai addu'a. Na ce ina take? Ta ce kin yi tahiya, za ki daɗe. Da na hita na tambayi mai ƙosai ta ƙofar gida, ta ce an gan ki an sa ki a mota an yi Maraɗi da ke, a lulluɓe. To ke hwaɗa mini, yarinya a lulluɓe a mota, uwa tana tara sabbin kwanoni tana cewa sai addu'a, mi za ki ce?"

Na ce, "Kayan ɗaki."

"Kayan ɗaki! Na ce shi ke nan, Nasiba ta samu ɗan birni, ta ga ba ta iya nuna Bafillatana mai warin nono a matsayin babbar ƙawa. Tun daga nan har Korgom kuka nike a bayan moto, mai moton har ya tsaya ya ce ko rasuwa anka yi."

Ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba. Ita ma ta fashe. Muka yi ta yi har na riƙe ciki, ita tana riƙe da nata tana cewa in bari kar ta haihu a ɗakina. Wai kayan jinyata ne aka ɗauka kayan aure. Muna cikin dariyar sai na ga ta koma kuka, nawa ma ya dawo, don a lokacin ne lissafin ya zo mini.

"Ke nan kin yi aure."

Ta sunkuyar da kai. "Da Ladan, ɗan kawuna. Bayan sallar layya. Innata ta ce a aiko maki, na rantse na ce in anka aiko ba ni zama a lalle. Na ce yadda ta yi mini haka zan yi mata."

Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Tun muna yara nake tsara ranar nan, har waƙar da zan yi mata na tanada. Ga shi an yi an gama ina kwance a ɗakin baya ina ƙirga azara, kuma ba a sake yin sa. Amma kuma a ƙarƙashin zafin wani sanyi ne ya sauka a raina. Ashe ba gudu na ta yi ba. Fushi ta yi, kuma wanda bai damu da kai ba ba ya irin wannan fushin.

Sai ga sallamar Inna. Ta shigo da ƙwaryar fura da ludayi a kai ta ajiye gaban Zulfa, ta ajiye ɗan kwanona da mai jan zaren a gabana. Daga yadda idonta ya yi ja na san labulen nan bai tare komai ba.

Zulfa ta dubi ƙwaryar, ta dubi kwanon.

"Likita ya ce mi?" ta tambaye ni.

"Ya ce na warke."

"To."

Ta ɗauki kwanona ta juye a cikin ƙwaryar. Ta ture sabon ludayin gefe, ta ɗauki mai jan zaren ta gauraya, ta ɗebo ta sha, ta sake ɗebowa ta miƙo mini.

Inna ta ce, "Ke Zulfa! Da cikin?"

"Inna, shekara nawa muna shan ludayi guda da ita a gidan nan? Likita ya sallame ta. Ni ban zo Tasawa don in sha fura ni kaɗai ba."

Na karɓa na sha. Furar gero ce kamar ta kullum, da ɗan yaji da nono, amma rabon da in ji daɗin fura haka har na manta. Inna ta juya ta fita. Muka shanye ƙwaryar tas, ɗaya ta sha ta miƙa wa ɗaya.

Daga nan fa hira ta ɓarke, irin wadda ba a gama zance ɗaya an faɗa wani. Ta nuna mini hotunan bikin a wayarta, wadda gilashinta ya tsage biyu. Ga ta nan cikin baƙin saƙi da azurfa a goshi, ta yi kyau har na ji haushi. Na ce wa aka sa a wurina? Ta ce wata 'yar gwaggonta, wadda ta yi barci a daren lalle ta bar akuya ta cinye goron baƙi. Na ce Allah ya ƙara. Ta ce Ladan ba shi da laifi sai son rediyo, da shi yake kiwo, da shi yake cin tuwo, shanun ma sun san muryar masu labarai. Ta ce saniyar nan tata mai farin goshi, wadda na taɓa gudu ta bi ni, ta haihu. Ta ce akwai faya-fayai da ta yi wata da watanni tana saƙa mini na jere, masu ja da kore, da sunana a tsakiyar babban.

"Suna ina?"

"Na ba kakar Ladan don haushi. Da mai sunanki take ruhe tukunyar daddawa."

Na ɗauki filo na maka mata. Ta ce in zauna ta gyara mini kai, wai wannan kitson ko na 'yar tsana ya fi shi. Na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta tsefe, ta ga yadda gashin ya zube ta gefe, sai ta canja salon kitson yadda zai rufe wurin. Ni kuma na ba ta nawa labaran: yadda na koyi saƙar hula a kwance, yadda na rantse in na tashi sai na ci kilishi har ya ishe ni, kuma na cika alkawari.

Idonta ya kai kan raken da ke jingine a lungu.

"Wa ke saida rake a gidan nan?"

Nan na ba ta labarin Rabilu, da bik ɗin da ba ya rubutu, da Asabar mai zuwa. Ta yi guɗa a hankali, ta karya raken a gwiwa ta ba ni rabi. Muna sha na gaya mata dalilin raken. Sai ta daina tauna.

"Bai sani ba?"

"Inna ta hana."

Ta ci gaba da kitso, ta ja wani layi har sai da na ce wash.

"Ni ba ni ce maki ki saɓa ma Inna," in ji ta. "Amma dube ni. Ni da munka kwana tabarma guda anka ɓoye ma, kin ga abin da ya jawo. Na zage ki a raina wata da watanni kina kwance. Na yi aure ba ke. Shi kuma ranar da zai ji a bakin wani, mi zai ɗauka? Masu ba ki ƙwayoyin nan ba 'yan garin nan ba ne? Ba su da dangi a Maijirgi?"

"In ya gudu fa?"

"In mai gudu ne, gara ya gudu yanzu da takalminshi, ba bayan kin jera kwanoni ba."

Na raka ta tasha kafin motar Korgom ta cika. Na sa mata sabuwar lambata, ta kira a gabana don ta tabbatar. Da za ta hau ta riƙe hannuna ta ce, "Ranar suna ke ce a gaba, ko a kwance kike sai an ɗauko ki." Na ce ta fara karɓo mini faifaina a wanke shi.

Washegari da safe saƙon Rabilu ya shigo kamar kullum. Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura: "In ka tashi daga lakwal ka biyo. Akwai magana."

"Lafiya dai?"

"Lafiya. Ka dai zo."

"D'accord, zan zo."

Bayan la'asar na ji tsayuwar motonsa. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa atamfata tsohuwa, ban ko shafa hoda ba. Ya shigo da farin yadi, alli a gefen hannun rigar, ya zauna inda ya saba. Ya yaba kitson da ya leƙo ta gaban ɗankwali. Ban bari mun yi nisa da gaisuwa ba, don na san in na tsaya zuciyata za ta karaya.

"Malam, ba shawara na yi ba. Tarin fuka ne. Na sha magani na gama, an yi analiz an ce babu saura. Amma ban so kawunnanka su zo ba ka sani ba."

Ba zan yi muku ƙarya don in gyara shi ba. Ya ja baya. Kaɗan ne, bai fi tafin hannu ba, amma na gani, shi ma ya san na gani. Ya cire hula ya riƙe. Ya dubi ƙasa.

"Tun yaushe kinka gama maganin?"

Na gaya masa.

"Mi ya sa ba a hwaɗa mini ba?"

"Tsoro."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna haka, ina jin kajin Inna suna shiga akurki. Aka kira magariba. Ya miƙe ya sa takalmi ya ce, "Bari in yi salla." Ya fita bai waiwayo ba.

Na shiga na yi tawa sallar, ban san me na karanta ba. Na dawo zaure na zauna. Na ce a raina, to Nasiba, kin faɗa, abin da zai faru ya faru. Abin mamaki, duk da tsoron, ƙirjina sakayau nake jin sa. Masallaci ya watse, na ji mutane suna wucewa, na ji muryar Baba ya tsaya wajen mai shayi. Rabilu kuwa bai dawo ba. Har na fara naɗe tabarma sai na ji sallamarsa.

Ya zauna. Wannan karon a inda ya saba, har ya ɗan fi matsowa.

"Ki yahe mini abin da na yi ɗazu," ya ce. "Jikina ne ya riga hankalina."

Na gyaɗa kai, ya ci gaba.

"Asabar tana nan. Amma gobe zan tahi in hwaɗa ma kawunnaina da Hajiyata da bakina. Ba ni so su ji a kasuwa."

"In sunka ƙi fa?"

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Sai in yi ta koma masu har su taho."

Da ya tafi na ɗaga labulen zaure zan shiga, na yi karo da Inna tsaye a bayan bango, da carbi a hannu, ko ja ba ta yi. Muka dubi juna. Na shirya wa faɗa, na sunkuyar da kai.

"Kin hwaɗa mashi."

"Na hwaɗa, Inna."

Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo mini hannu.

"Kira mini Zulfa a wayar taki. Ta taho tun ranar Juma'a ta kwana. Ko sun zo ko ba su zo ba, ina son ta a gidan nan, kuma wanga karo ni zan gayyace ta da bakina."